Bencin Anti Tabarau a Asibitin Ido

A ƙarƙashin wani dogon bene, tsakanin mai sayar da kayan wuta da kantin magani, akwai shagon gyaran gashi na mata. In ka wuce madubai da kujerun busar da kai, can ƙurya bayan labulen roba za ka tarar da kwanon wanke kai guda biyu. Na hagun na Anti Tabarau ne. Ta yi shekaru tana tsaye a bayansa, hannu ɗaya na tallafe da ƙeyar mace, ɗayan na cuɗawa. Ba gwanar kitso ba ce, ba ta kuma da bakin nan da ke riƙe kwastoma da hira. Amma duk wadda ta taɓa miƙa mata kai, in ta dawo, ko layi ya yi tsawo sai ta ce, "Ku bar ni, Anti Tabarau nake jira."

Sunan ya biyo tabarau ɗin da take sakawa tun tana 'yar makaranta, mai kauri kamar gindin kwalba. 'Yan matan shagon kan tsokane ta wai da shi har abin da ke cikin jakar mutum take hangowa. Ita ma dariya take yi. Abin da ba ta faɗa shi ne wahalar da yake ba ta, don da ta buɗe ruwan zafi sai tururi ya lulluɓe gilashin, ta koma aiki da lalube, ga hannu duk kumfa ba damar gogewa.

Mijinta ya rasu tun ɗansu yana rarrafe, ba ta sake aure ba. Ɗan ya girma ya samu aiki a jirgin ruwan dakon kaya, in suna tsakiyar teku sai a yi watanni ba a ji muryarsa ba. Ita kaɗai take zaune a ciki da falo a saman wani gidan haya. Danginta na kusa ƙanwarta ce, Auta, wadda ke aure a can ɗaya gefen garin.

Autar ce ta kawo shawarar. "Yaya, har yaushe za ki yi ta fama da wannan gindin kwalbar? Yanzu akwai ɗan gilashi mai laushi kamar ɓawon albasa, a kan ƙwayar ido ake ɗora shi, ba mai sanin kin sa komai." Ta ja ta har kantin tabarau, aka gwada idon, aka nuna mata yadda ake ɗorawa da yadda ake cirewa, aka ba ta ɗan akwatin ajiyewa da kwalbar ruwan wankewa. Ba wanda ya ce mata uffan a kan ruwan famfo.

Ranar da ta fara zuwa aiki da shi, ta buɗe ruwan zafi, tururi ya tashi, ta ci gaba da gani tarwai. Da ta juya ta kalli madubi sai ta tsaya. Ashe haka girarta take. 'Yan matan suka yi ta shewa, amma sunan bai bar ta ba. Da gilashin take aiki, ruwa na fallatso mata a fuska, da shi take wanka. In ruwan kwalbar ya ƙare kafin ta sayo wani, sai ta ɗauraye akwatin a famfo. Aka fi shekara a haka, lafiya lau.

Wata safiya ta tashi tana jin kamar tsakuwa a idon hagu. Mai kantin maganin ya duba ya ce ciwon idon nan ne da ake yayi, ya ba ta na ɗigawa. Bai yi ba. A ƙaramin asibitin unguwa aka canza mata wani, ta ji sauƙi na 'yan kwanaki, daga nan abin ya dawo da ƙarfinsa. Zafin kamar an gasa ƙusa an soka ta cikin idon ta ɓullo ta ƙeya. Haske ya zama abokin gabarta, ga shi shagon ba komai a ciki sai fitilu da madubai. In aka dubi idon kuwa, ɗan ja ne kawai da hawaye.

"Haba Anti," in ji Madam mai shagon, "jan ido ne fa. Ni da na yi, da shi na yi ta aiki."

Wani likitan ma da ta koma wurinsa a karo na biyu cewa ya yi, cikin murmushi, "Mama, ko dai akwai ɗan raki?" Ita da ta haihu ba a ji kukanta a waje ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, tana tsakiyar wanke kan wata mata ta saki tiyon, ta durƙushe a ƙasa bayan labulen, ta ja tawul ta rufe kanta. Ruwa ya yi ta kwarara har sai da wata ta zo ta rufe. Madam ta kira Auta a waya, Auta ta ɗauke ta sai babban asibitin ido.

Likitar da ta gan su mace ce 'yar firit, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana haska idon da na'ura, Anti Tabarau na damƙe da ƙarfen kujera. Sannan ta tambaya, "Kina sa gilashin ɗorawa?"

"Ina sawa."

"Ruwa yana taɓa shi?"

"Likita, ai ni da ruwa nake cin abinci. Wankin kai nake yi."

Likitar ta jawo kayan aikinta. Ta kankaro ɗan wani abu daga saman idon ta aika ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta zaunar da su ta yi bayani. Wata ƙwayar halitta ce ƙarama ƙwarai, tana rayuwa a ƙasa da ruwa, har da ruwan famfo mai kyau wanda za ka sha ba abin da zai same ka. Amma in ta maƙale tsakanin gilashin da ido ta samu ɗan ƙarzane, sai ta shige tantanin gaban ido ta yi gida, tana bin jijiyoyi. Shi ya sa zafin ya fi abin da ake gani nesa ba kusa ba. Ta ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ana yawan ɗaukarsa a matsayin wani ciwon daban, kuma maganinsa doguwar tafiya ce. Ta faɗi sunansa, Anti Tabarau ta gwada maimaitawa, ya ƙi zama a bakinta.

"Ba raki ba ne ke nan?" Iyakar abin da ta tambaya ke nan.

"Wa ya ce miki raki ne?" in ji likitar, ranta a ɓace.

Maganin ɗigawa ne, kowace awa, ba dare ba rana a farkon lamarin, kuma shi kansa ɗigon zafi yake kamar an watsa barkono. Auta ta rataya barguna a tagogi, ɗakin ya koma duhu ƙirin. Ta zauna da ita a makon farko, amma tana da yara da miji da nata aikin, dole ta koma zuwa jefi-jefi. 'Yan shago sun zo dubiya sau ɗaya, suka zauna a duhu suna raɗa kamar gidan makoki, suka tafi. Maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Wai har yanzu ciwon idon ne?" Kowa da maganin da zai ba ta labari, wannan ya ce ta ɗiga kaza, wancan ya ce ai kakarsa da ganye ta warke. Da ta gaji da bayani sai ta koma cewa da sauƙi. Haka ta faɗa wa ɗanta ma ranar da jirginsu ya tsaya a wata tasha ya kira. Me zai yi mata daga can?

Ba ta iya kallon fuskar waya, balle talabijin. Rediyo ma in ya daɗe sai ya hau mata kai. Ta koma sanin gidan da kunne: takun mai ɗakin gefe, ƙarar bututu in wani ya buɗe famfo, ihun yara in an taso makaranta. Duniya na ta harkarta a bayan bargo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta zama mai tsoron ruwa. Matar da ta wanke kawunan da ba su ƙirguwa ta kasa wanke nata. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, har wata rana ta miƙa wa Auta almakashi ta ce ta rage mata shi duka. Auta na yanka tana sharar hawaye, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Likitar ta lura matar tana ramewa fiye da yadda ciwon ido zai ramar da mutum. Ta ce mata, "Akwai wata a wani gari da ta yi irin ciwonki shekarun baya. Malamar makaranta ce, ta yi ritaya. Ta yarda a riƙa ba ta lambar sababbi. In ba ta taki?" Anti Tabarau ta ɗaga kafaɗa.

Da yammacin wata rana wayar ta yi ƙara, ta laluba ta ɗauka. Murya ce ta dattijuwa, mai ɗan kaushi.

"Ke ce mai wankin kai? Ni ce Malama. Ya jikin? Tsaya, kada ki ce mini da sauƙi. Na san ba sauƙi. Kin rufe tagogin da bargo ko da kwali?"

"Da bargo."

"Ni da kwali na yi, har mai gidan haya ya ɗauka ƙaura zan yi. An ce miki raki ne?"

"An ce."

"An ce ki ɗiga nono?"

Dariya ta kuɓuce wa Anti Tabarau, dariyar ta juye ta zama kuka, irin wanda ba ta yi ba tun fara ciwon. Malama ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta bar ta har ta gama, sannan ta ce, "To barka da shigowa ƙungiyar jemagu. Ba mu da yawa, kuma ba mu son fitila."

Daga ranar kusan kullum da yamma sai ta kira. Ta koya mata ƙananan dabaru: hula mai baki a kan baƙin tabarau in za ta asibiti, yadda za ta kwantar da kai baya a zuba mata ruwa ba tare da ya gangaro fuska ba. Ta gargaɗe ta cewa akwai lokacin da ciwon zai yi kamar ya tafi sai ya dawo, kada ta ɗauka wani kuskure ta yi. Haka kuwa aka yi, kuma da ya dawo ɗin, muryar Malama ce ta hana ta zubar da magungunan a shara.

An fi shekara kafin likita ta ce ƙwayar cutar ta mutu. Ta bar farin tabo a tsakiyar idon. Aka yi mata dashen tantani, ya kama rabi da rabi. Idon hagun ya koma ganin haske da inuwa kawai, kuma har yau rana mai ƙarfi na sa shi zogi. Da ta koma shago ta tarar an sa wata a kwanonta. Madam ta yi ta kame-kame, ita kuwa ta sauƙaƙa mata, don ko an ba ta ba za ta iya tsayawa a gaban tiyo ba. Ta samu aiki a ɗakin ajiya na wani kantin zannuwan gado, tana ninkewa tana jerawa, ita kaɗai da ƙwan fitila ɗaya mara ƙarfi.

Wata yamma Malama ta kira, muryarta ba kamar kullum ba.

"Ƙanwata, zan faɗa miki magana, kada ki ji haushina. Na gaji. Duk sanda na ajiye wayar wani sabo, sai idona ya kama zogi kamar jiya aka yi. Na tsufa, ina so in zauna da jikokina in manta. Ke kin tsallake."

"To Yaya, wa zai riƙa kiran sababbin?"

"Na riga na faɗa wa likita sunanki."

Ba su taɓa ganin juna ba. Bayan nan Anti Tabarau ta kira ta 'yan lokuta, gaisuwar na daɗa gajarcewa, har ta gane alherin da za ta yi mata shi ne ta daina. Yammacin ranakun ya koma fayau. Takan dawo daga aiki ta ajiye wayar a kan tebur, ta zauna tana kallonta da ido ɗaya.

Ranar da likitar ke ganin masu ciwon tantanin ido, Anti Tabarau ta nemi a canza mata hutunta ya faɗo a kanta. Ta je asibitin ta zauna a bencin ƙarshen baranda, inda haske bai cika kaiwa ba, don ta san nan masu gudun fitila ke rakuɓewa. Tana gane su tun daga nesa: kai a sunkuye, tawul ko mayafi a fuska, wani na jan hannunsu. A jakarta akwai baƙaƙen tabarau na roba da huluna masu baki. Da farko wata nas ta so korar ta, ta ɗauka mai tallan magani ce, sai da likitar ta fito ta ce a ƙyale ta. Sannu a hankali ta matsa wa masu kula da ginin har suka yarda a riƙa kashe fitilar wannan ƙuryar, aka kuma sa labule a tagar. Wani watan ba ta samun ko mutum ɗaya mai irin ciwon. Sai ta zauna har a tashi, ta kama hanyar gida.

Ta kuma shiga bin kantunan tabarau ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon su manna ɗan gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan akwatin gilashin, cewa kada ruwa ya taɓa shi, kada a yi wanka ko iyo da shi. Wasu suka ce, "Mama, so kike ki kore mana kwastoma?" Wasu suka ce sai mai kanti ya zo, mai kanti kuwa ba ya zuwa. A kantin da ta sayi nata, mai jiran kantin ya zaro wata takarda daga cikin kwali ya ce ai an rubuta a nan. Ta kai ta har kan hanci, rubutun kamar sahun tururuwa.

"Ɗana, wanda zai iya karanta wannan ai ba ya bukatar gilashinku."

Ya yi dariya ya ce zai faɗa wa oga. Ba ta sake jin komai ba. Amma wani tsohon mai kanti a bayan tashar mota ya saurare ta har ƙarshe, ya buga gargaɗin da kansa, ya kuma kai maganar taron masu sana'arsu. Kantuna kaɗan suka bi. Auta ta ce mata, "Yaya, ke da kika samu kika fita, me kike nema a ciki kuma?" Ɗanta ma da ya sauko hutu ya ce ta tattara ta koma garin da ya kama gida, ta ce sai ta samu wanda za ta bar wa bencin. Ya koma teku ransa ba daɗi.

Wanda za ta bar wa bencin ne bai samu ba. Mutanen da ta riƙe, in sun warke, sukan yi godiya har da hawaye, su yi alkawarin dawowa su taya ta. Daga nan sai shiru.

Wanda ta fi sa rai da shi wani direban bas ne, ƙato mai faɗin ƙirji, da matarsa ta jawo shi barandar yana kuka kamar yaro. Ranar farko cewa ya yi a roƙa masa likita ta ƙwaƙule idon kowa ya huta. Anti Tabarau ta ɗora masa hula ta zauna kusa da shi. Watanni ta yi tana kiransa kowace yamma. Yaya yake ce mata. In zafin ya taso sai ta ce ya zayyano mata tashoshin layinsa daga farko har ƙarshe, da ramukan hanyar, da inda 'yan makaranta ke cika masa mota. Shi an gano nasa da wuri, idon ya tsira, har aka mayar masa da lasisinsa. Ya rantse mata duk ranar hutunsa a bencin zai yi ta. Ya zo sau ɗaya.

An daɗe bayan haka, wata rana ta taso daga asibiti ta hau bas, ta ce wa direban sannu da aiki ba tare da ta dube shi ba. Sai ta ji an ce, "Yaya?"

Shi ne. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta cika. Murna ta bayyana a fuskar, amma kafin ya sake magana hannunsa ya tafi kan idonsa ya dafe, shi kansa bai san ya yi ba.

"Wallahi Yaya kullum ina cewa zan kira. Aikin ne... Kuma in na tuna barandar nan..."

"Na sani," ta ce. "Ya maiɗakin naka? Ya yara?"

"Duk lafiya. Yaya, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Dubi hanya, mutane na jira."

Ta wuce can baya ta zauna ta gefen da ba rana. Tana hango ƙeyarsa, tana ganin yadda yake ɗaga kai ya dubi madubi ya yi saurin kawarwa. Tuƙinsa a natse yake, yana kauce wa ramukan da ya riƙa zayyano mata ɗaya bayan ɗaya a waya. Ta ji daɗin hakan har cikin ranta. Da aka zo tasharta ya matso da motar daf da dakali, ya bar ƙofa a buɗe har sai da ta sauke ƙafa biyu ta yi nisa, motocin baya na ta danna masa oda.

Daga ranar ta daina bin wannan layin, don kada ganinta ya riƙa tuna masa da ciwon. Akwai wata bas da ke zagayawa ta bayan kasuwa, tana ajiye ta nesa da gida, sai ta ƙarasa da ƙafa ta hau tudu. Gwiwoyinta na ƙorafi, musamman in an yi ruwa. Ita take bi har yanzu duk ranar asibiti, da jakarta a kan cinya, hularta a karkace ta gefen hagu.